Kwanon Gwaggo Mai Jan Zare

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ban san hannun damana ba, ta samu tata ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta nan Yelwa. An kwana biyu da yin wannan rasuwa, muna jihar Sakkwato ma aka yi ta. Amma na ji yaran gidanmu sun fara tambayar wace ce wai Mai Jan Zare, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani kafin ni ma a neme ni a rasa.

Ba zan ɓoye ba, ranar da ta cika, ajiyar zuciya na yi kafin kuka ya zo. Ta daɗe tana jinya. Matar da harshenta ke bambance tsamiyar bana da ta bara ta koma ko ruwa sai an ɗiga mata da cokali. Baffa, autansu Gwaggo, da ya shigo ya dube ta, hularsa kawai ya gyara ya ce ta huta, Allah Ya sa hutun ke nan. Duk wanda ya ga yadda ta wahala a ƙarshe, amin ya ce da zuciya ɗaya.

Kafin azahar gida ya cika. Mai tsiren bakin tashar mota ya rufe tukubarsa ya zo, yana zaune a ƙofar gida yana gaya wa Baffa cewa zoɓon da Gwaggo ke haɗa masa, duk Yauri ba wanda take haɗa wa irinsa. A cikin gida kuma mai waina na share hawaye tana faɗa wa mata wannan maganar game da nata kunun. Masu jirgin Wara suka ɗaure jiragensu suka hawo tudu da ƙafafunsu jiƙe. Wata tsohuwa mai ɗanwake ta taho tun daga Shanga, ta ce ita ko gidan ba ta taɓa shigowa ba, kwalaben kawai ta sani. Kan ka ce kwabo gardama ta kaure tsakanin matan, a hankali dai, kan na wa ya fi daɗi, har sai da matar Baffa ta tuna musu zaman makoki ake. Aka yi 'yar dariya, kowa ta ja mayafi ta rufe baki.

Ni kam idona na kan ƙofar zaure. Mutum ɗaya nake jira, ba ta kuma shigo ba. Mai Kifi ake ce mata a bakin ruwa, ni kuwa Inna nake ce mata tun ina yarinya. Ita ce aminiyar Gwaggo ta farko a sana'a, kuma sun yi shekaru ba sa ga-maciji. Ana saura makonni Gwaggo ta rasu, ta aike ni wurinta da kwano cike da ruwan tsamiya, neman gafara. A wurinmu ba a mayar da kwano wofi. In an aiko maka da abu ka karɓa, ko ƙwayar goro ce sai ka jefa a ciki ka mayar. In kuma ba ka so, ka mayar da shi a cike yadda ya zo, kowa ya san matsayinsa. Kwanon Gwaggo bai dawo a cike ba, bai dawo da goro ba, bai ma dawo ba. Aka kai ta makwancinta ban sani ba ko ta tafi da haƙƙin mutum a wuyanta, wannan ne ya hana ni jin daɗin hutun nata.

Bari in koma baya, don a san su wane ne waɗannan matan biyu.

Gwaggo da zoɓo ta fara, a randa ɗaya, a ƙofar gida, bayan rasuwar mijinta. Zoɓo kuwa kowace unguwa akwai mai yi, ba wanda zai tsallake titi don naka. Wata rana ta sauka bakin ruwa sayen kifi ta tarar da wata baƙuwa tana suya a gindin wata bishiya, daga ita sai kasko. Bagungiya ce, cikin mutanen da ruwan dam ya cinye musu tsibiri aka taso da su tudu. Gwaggo ta sayi gunduwa ɗaya ta ci a tsaye, yaji ya kama ta har hawaye, ta waiga ta ga duk masu cin kifin nan haka suke, suna hura baki suna neman ruwa. Washegari ta dawo da tulu, ba zoɓo a ciki ba, tsamiya ce mai sanyi, sukari kaɗan, da ɗan masoro. Ta ajiye kusa da kaskon ta ce wa matar ta ba duk wanda ya sayi kifi ya kurɓa. Ba a yi wata ba, fasinjan jirgi in ya sauka ba ya cewa a ba shi kifi, sai dai ya ce a ba shi kifi da tsamiya, tamkar abu ɗaya ne.

Daga nan Gwaggo ta gane hanyarta, ba ta kuma sake ta ba har ta mutu. Cewa take yi abinci ne mai gida, abin sha baƙo ne, baƙo kuwa ba ya shiga gidan da bai sani ba. Saboda haka duk mai abincin da ke son kayanta, sai ta je ta ɗanɗana girkinsa tukuna. Na sha raka ta. Za ta gutsuri abin, ta kai hanci, sannan ta sa a baki tana tauna a hankali, idonta a ƙasa. Mai abincin na tsaye kamar wanda aka kai gaban alƙali. In ta gama ba ta yabo, sai dai ta ce, to, jibi a aiko yaro. Mai tsire ta haɗa masa zoɓo mai citta da kanumfari don ya wanke kitse. Mai waina ta yi mata kunun aya. Kowace kwalba sai ta ɗaura mata jan zare a wuya da hannunta, don kada a cakuɗa da na wasu. Jan zaren nan ya zama sunanta. Ranar kasuwar Wara jirgi ba ya tashi sai an ɗora kwandunanta, an rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Ba ta zama wuri ɗaya kuma. Kullum akwai wata 'yar tukunya a gefen murhu da take gwada sabon abu. Ta jiƙa goruba ta tace, ta ba Baffa, ya kurɓa ya ce Yaya, wannan ai sai masu basir. Ta kai masa duka da ludayi, amma ba ta ƙara yi ba. Ta gwada garin ƙwallon kuka da madara, wannan ya karɓu har gidajen biki suka riƙa aikowa. Da aka kawo mana wuta ta sayi firji, ta fara daskarar da zoɓo a 'yan ledoji, 'yan makaranta suka kusa karya mana ƙofa. Sai dai duk son da take wa ciniki, akwai inda take tsayawa. Wani mai gidan abinci daga Kwantagora ya zo da mota yana son a riƙa cika masa jarkoki. Ta tambaye shi me yake dafawa, ya ce Hajiya, abinci dai. Ta ce ya je ya kawo abincin. Ya ga abin raini ne bai dawo ba, ita kuwa ko a jikinta.

Tsohuwar nan ta Shanga kuwa, a zaman makokin na ji labarinta. Mijinta ya mutu ya bar ta da marayu, ɗanwaken nata ba ya ƙarewa sai ta ba awaki. Wani direba ya kawo wa Gwaggo ɗanwaken a ganye, ta ci, ta ce hannun matar na da kyau, kasuwa ce ba ta san ta ba. Ta riƙa aika mata da kwalabe kyauta har mutane suka saba da zama a rumfarta. Ni da nake wanke kwalaben ma ban taɓa sanin inda suke zuwa ba.

To amma Gwaggo na da baki, Allah Ya gafarta mata. Ba ta iya ganin abu ta tauna shi kafin ta furta. Ni kaina na sha shi. In na cika sukari sai ta ce mini ko ƙudan zuma nake wa girki.

Bakin nan ne ya raba ta da Mai Kifi. Wata shekara man gyaɗa ya yi tsada, masu suya duk suna maimaita mai. Wata safiya muka sauka da tulu, jirgin Wara ya sauke mutane, rumfa cike. Gwaggo ta ɗauki gunduwa kamar yadda ta saba, ta kai hanci, sai ta ajiye. A gaban jama'a ta ce man nan ya kwana ya sake kwana, ita ba ta haɗa zarenta da shi. Mai Kifi ta ce mata ƙawa, ki bari mutane su watse mu yi magana. Da Gwaggo ta tsaya nan, da yamma an shirya. Amma sai ta ɗaga murya ta ce, "Nan gari ne, ba Gungu ba. In can kun saba cin ƙonannen mai, mu nan ba mu ci."

Rumfar ta yi tsit. Matar da tsibirinta ke ƙarƙashin ruwan da ke gabanmu, da kabarin iyayenta da na ɗanta na fari, ita aka gaya wa haka. Mai Kifi ta ɗauki tulun tsamiyar da kanta ta ɗora mini a ka, ta juya ta ci gaba da juya kifinta. Daga ranar ko a hanya suka haɗu, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Baffa ya shiga tsakani, liman ya aika, a banza. Mai Kifi ta koma sayar da lemon kwalba, masu cin kifi na sha suna gyatsa suna cewa ba ɗaya ba ne. Gwaggo kuwa masu suya nawa suka zo neman tsamiyar nan, ta hana. Ta daina yin ta gaba ɗaya. In an tambaye ta sai ta ce tsamiyar yanzu ba ta da kyau, ƙarya kuwa take yi, don ni ke sayo mana ta girki.

Sai da ciwo ya kwantar da ita ta yi maganar. Wata la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce in jiƙa tsamiya. Na ce ita za ta sha? Ta ce ba tata ba ce. Daga kwance ta riƙa ba ni umarni, kaza na sukari, kaza na masoro, na kawo ta ɗanɗana da bakin cokali ta ce in ƙara ruwa. Ta sa na sauko da kwanon sha mai marfi, fari mai bakin shuɗi, na cikin jerenta na aure wanda ba a taɓa ci a ciki ba. Da hannunta ta ɗaura jan zare a kunnen marfin.

Ta ce, "Ɗiyata, maganar man nan gaskiya ce, ita ko gobe ina faɗinta. Ta biyun ce ta hana ni sakat. Kai mata. Ki ce ni Gwaggonki nic ce ta gafarta mini."

Na ɗauka na sauka bakin ruwa. Mai Kifi ta tsufa, ɗiyarta ke suya, ita tana zaune kan turmi tana barbaɗa yaji. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da saƙo kalma da kalma. Ta dubi kwanon, ta dubi zaren, ta daɗe. Sannan ta ce in ajiye nan. Shi ke nan abin da ta ce. Na tsaya ko za ta ƙara wani abu, ta ci gaba da barbaɗa yajinta. Na hawo tudu raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan tsohuwa akwai riƙo.

Kwanakin farko, duk sallamar da aka yi a zaure sai Gwaggo ta buɗe ido ta tambaya ko kwanon ne. In ce a'a. Na ce bari in koma in tambaya, ta hana ni, ta ce ba a bin sawun kwano, roƙo ya zama tilas ke nan. Daga baya ta daina tambaya. Ana gab da rasuwarta, da ta ga na damu, ta kamo hannuna ta ce, "Bar damuwa. Tun da bai dawo cike ba, ta sha. Wani abu taka jira, na san halinta." Na ce to, Gwaggo. Amma a raina na ɗauka lallashin kanta take yi, irin na mai jinya.

Haka muka yi ranar farko, Mai Kifi ba ta zo ba. Rana ta biyu ma shiru. Matan da suka san zancen suka fara 'yan ƙus-ƙus, wata ta ce ai ko gaba ce, mutuwa na kashe ta. Ni dai in na yi sallah ba abin da nake roƙo sai Allah Ya sassauta zuciyar matar nan, don malamai sun gaya mana haƙƙin mutum, sai mutumin ya yafe.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a maza sun fara watsewa, muna tsakar gida muna rabon gumba, sai na ji sallama da muryar da na sani. Ta shigo da sanda, ɗiyarta na biye. Kwanon na hannunta ita kanta, ta rungume shi a ƙirji, jan zaren na nan a kunnen marfi. Ba ta gai da kowa ba. Ta tambayi ina ɗakin, aka nuna mata, ta je bakin ƙofa ta zauna a ƙasa ta leƙa gadon da ba kowa a kai. Sai ta buɗe marfin. Ƙamshi ya cika gidan. Giwan ruwa ce, manyan gunduwoyi, jawur, da sauran zafinsu.

Cikin kuka ta yi bayani, ɗiyarta na cika mata inda murya ta ƙi fita. Ashe tun ranar da na kai, ina juya baya ta ɗauki kwanon ta shiga bayan rumfa ta shanye tas, ba ta raga wa kowa ba. Sai ta yi rantsuwa ba za ta mayar da kwanon nan ba sai da giwan ruwa, soyayyiya cikin man da ba a taɓa ɗora wa wuta ba, don Gwaggo ta kai hanci ta rasa abin cewa. Ta sayi gyaɗa ta matse man da hannunta ta rufe a kwalba. To lokacin ruwa ya cika, kifi ya watsu, Sarkawa masunta ba abin da suke fitowa da shi sai warangi da 'yan ƙananan karfasa. Duk jirgin da ya tsaya sai ta je da sandarta ta leƙa. Ɗiyarta ta ce mata Inna, ki kai ko karfasar ce, matar nan ba ta da lafiya. Ta ce Mai Jan Zare za ta kai wa karfasa bayan shekarun nan? Ranar Laraba ta ji rasuwar, kunya ta hana ta fitowa, ta ce da wane ido za ta shigo gidan da kwano wofi. Sai a safiyar nan wani Basarke daga wajen Ngaski ya fito da kifin.

Wallahi haushi ya kama ni, na manta a gaban manya nake. Na ce, "Haba Inna. Ko goro ɗaya kika jefo ai da ya isa. Tana kwance tana sauraren ƙofa."

Ta sunkuyar da kai ta ce ta sani, girman kai ne irin na masu sana'a, ita da Gwaggo duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Na durƙusa gabanta, don abin da nake son ji ban ji shi ba tukuna, kuma ina so a ji shi a gaban shaidu. Na ce, "Inna, kin gafarta mata?"

Ta ce, "Tun kurɓin farko, ɗiyata. Duniya da lahira. Ni ma ta gafarta mini."

Wani nauyi da na kwana da shi tun ranar da na sauka bakin ruwa ya sauka daga ƙirjina, har sai da na dafa ƙasa. Sai a lokacin na yi wa Gwaggo kuka na gaske. Da na samu numfashi na gaya wa Mai Kifi abin da Gwaggo ta faɗa ana gab da tafiyarta, cewa ta sha, wani abu take jira. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ta sa na maimaita. Sannan ta rufe fuska da gefen zanenta, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ta ce ashe ja'irar ta sani.

Da ta natsu ta turo mini kwanon. Ta ce tun da mai ɗanɗanawa ta tafi, ni zan ɗanɗana. Mai waina da tsohuwar Shanga da sauran matan duk suka zubo mini ido. Na gutsura, na kai hanci, na sa a baki, na tsinci kaina ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Man fa?"

Na ce, "Sabo ne, Inna."

"Yajin?"

Na so in yi shiru, bakina ya ƙi. Na ce ya so ya yi yawa.

Gidan makoki ya ɗauki dariya, har Baffa ya leƙo daga zaure yana tambayar lafiya. Mai Kifi ta share ido ta ce to alhamdu lillahi, bakin nan dai ba a rufe shi a ƙasa ba. Ta dafa sandarta ta miƙe, ta ce yajin ba za a rage ba, aikin tsamiya ke nan, in aiko mata gobe kafin jirgin Wara ya iso, kuma kada in cika sukari.

Aka raba kifin nan sadaka, kowa ya samu ɗan gutsure. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya maƙogwaron bayinSa, Ya yafe mata abin da bakinta ya yi gaggawar faɗi. Ya jiƙan Inna Mai Kifi, ita ma ta bi ta da daɗewa. Washegarin sadakar na wanke kwanon, na cika shi da tsamiya, na sake masa sabon zare, na sauka bakin ruwa. Kafin azahar ya dawo, da gunduwa biyu a ciki.